Randar da Ta Kushe Ni

Jiya da rana tsaka, bayan na idar da azahar, barci ya kayar da ni a kan tabarma na yi wani mafarki. Amma kafin in faɗe shi sai na faɗi abin da ya kwantar da ni da rana kamar mai masassara, don ni Marka ban saba ba.

Ranar Litinin na tafi ta'aziyya Bakori. Na dawo Funtuwa da yamma maƙoshina a bushe, na nufi gindin lemo inda randata take zaune shekara arba'in da ɗoriya. Sai na tarar da rami. Ramin da gindinta ya yi a cikin yashi, yana nan da danshinsa. A gefe an girke wani shuɗin duro na roba mai murfi, yana ƙyalli kamar goshin ango. Barira jikata ce ta yi wannan aiki, wadda ta gama makaranta ta dawo ta ishe mu da tsafta. Wai Ɗan'azumi mai roba ya zo da kurarsa yana musaya, ya ce akwai wata mai shago a Kaduna da ke neman tsofaffin randuna da ƙore da akusa, saboda masu hali na can sun gaji da roba, sun koma son abin da aka yi da hannu. Wato su su sha a ƙasa, mu mu sha a roba. Barira ta ɗauki randata ta ba shi, ya ba ta duro, har da gyaran moɗa biyu.

Na je wa ubanta Sadisu, ya ce, “Iya, randa ce fa kawai.” Na je wa mai unguwa, ya ce in yi haƙuri, yaran zamani ne. Haƙuri ba ya sanyaya ruwa. Kwana uku ban ɗanɗana ruwan duron nan ba, gidan maƙwabta nake zuwa da kofina, kuma ban ce wa Barira ci kanki ba. Yanzu ita ce riƙe da biro, tunda ni ban yi boko ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, har zagin da ya shafe ta, tunda ita ta jawo.

To, a mafarkin na gan ni a tsaye kan wata hanya, ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsirowa yana tafiya sama. Mutane sun buɗe lema sun kifar da ita a ƙasa sun tsaya a ciki, suna jan ta da ƙafa. Mata sun rataye bokitai a kife a rassan itace suna tara ruwa. Ƙasan zanina ya jiƙe sharkaf, ɗankwalina a bushe. Ban ga abin mamaki ba. Da marka aka haife ni, ruwa ko ta ina ya zo mun san juna.

Na tambayi wata mata mai goyon tunkiya inda ake kai ƙara. Ta ce in bi hanyar da na fito, zan isa inda ban taɓa zuwa ba. Na bi. Gaskiyarta.

Ofishin ɗaki ɗaya ne, da fanka tana juyawa a ƙasa. Wata jar akuya ce a kan kujera, da tabarau a hanci, ta ɗora kofato ɗaya kan ɗaya. Muka gaisa, ta tambayi gida da gajiya, ta ce in kawo takardata. Na ce ni ba na rubutu. Ta ce hakan ya fi, masu rubutu tsawaita magana suke yi, takardarsu ga ɗaci. Ta ce in faɗi ƙarata a bakin mayafina in ƙulle. Na kama gefen mayafin na faɗa masa komai, da Barira da Ɗan'azumi da Sadisu da mai unguwa, ban rage kowa ba, na ƙulle kamar goro. Akuyar ta miƙo wuya ta gatse ƙullin, ta tauna a hankali idonta a lumshe, ta haɗiye.

“An karɓa,” ta ce. “Akwai yaji.”

Sai ta yi gyatsa, wata baƙar leda ta fito daga bakinta. Wani bunsuru masinja ya zo ya ninke ta ya sa a kabad. Kabad ɗin cike yake da irinta. Akuyar ta ba ni haƙuri, ta ce tun da ta kama aiki ƙarar da ta ci ba ta ƙirguwa, ta gado da ta gona da ta aure, duk sun narke, amma ledar da ta tsinta a bakin kasuwa tun tana ƙarama har yau tana dawo mata. Na ce ai mu ma akuyoyinmu ita ke kashe su, a yanka a tarar da tumbi cike da leda. Ta ce in bar maganar yanka a ofis.

Daga nan ta gyara tabarau ta yi mini bayani. A ƙasarsu ba a yarda mutum yana ɓatar da kaya ba, kaya ne ke ɓatar da mutum. Randata ta riga ni zuwa tun da safe, ta ba da cigiyar mai ita. Tunda kwana uku sun cika ba a ga kowa ba, an ba ta izini ta je kasuwar gwanjo ta sayi wani mutum.

“Ni ce na ɓata?”

“Ke kika tafi Bakori, Iya. Ita tana inda take.”

Ta ce kasuwa tana tashi da kiran la'asar. In randa ta sayi wani kafin nan, magana ta ƙare, cinikin randa ko alƙali ba ya warware shi. Na ce to Barira fa, wa zai hukunta ta? Ta ce wannan sashen yana wajen wata tunkiya, kuma ta tafi haihuwa.

A bakin ƙofa na tarar da shuɗin duron nan yana jirana. Ya rusuna har murfinsa ya zame, ya ce, “Iya, sannu da fitowa.” Na ce ni ba uwarsa ba ce, ya je ya nemi injin da ya haife shi. Na kama hanya, ya biyo ni yana gangarawa a baya kamar ɗan tunkiya. Na tsaya ya tsaya. Na ƙyale shi.

Muka ratsa wani fili mai faɗi, ba ciyawa ba itace. Fasassun bokitai ne a zaune sahu sahu, da butoci marasa hanci, da silifa ƙafa ɗaiɗai, da kujerun biki masu ƙafa uku. Ba mai magana da ƙarfi. Duron ya ce nan ne wurin jira. Duk sun gama aikinsu a duniya, suna jiran ƙasa ta karɓe su, ƙasa kuma ta ce ba ta san su ba, ba daga jikinta suka fito ba. Akwai wata buta a can gaba da ta zo tun zamanin da aka fara kawo su, har yau layi bai motsa ba. Muna tsaye sai ga wata tsohuwar tukunyar miya ta zo a fashe, baƙa ƙirin da hayaƙi. Ta yi sallama, ta nemi wuri ta kwanta, ta yi miƙa, ta narke ta zama ƙasa. Nan take wata 'yar ciyawa ta tsiro a wurin. Duk filin ya yi ajiyar zuciya, na ji wani bokiti ya ce, “Allah ya nuna mana.”

Sai ga kogi a gabanmu, yana hawa tudu. Ba gada ba kwalekwale. Duron ya buɗe murfi ya ce in shiga. Na duba hagu na duba dama, ba wanda ya san ni, na tattare zani na shiga. Akwai sauran ruwa a gindinsa, da ɗumi kamar na wankan jego, ga warin sabon takalmi. Na faɗa masa haka. Ya ce ya sani, ba shi ya yi kansa ba, kuma kwana ukun nan da nake wuce shi da kofina zuwa maƙwabta yana gani. Na kau da kai. Da muka kai tsakiyar kogi na ce masa, in dai don jiƙon wanki ne ba shi da laifi. Murfinsa ya dinga karkarwa don murna har muka kusa kifewa. A gaɓa ya ce shi nan zai tsaya, ba a barin sabo ya shiga kasuwar gwanjo sai ya yi tabo. Na ce ya kwantar da hankalinsa, a gidanmu akwai yara.

Kasuwar ba ta da bambanci da tamu ta Litinin, sai dai kaya ne ke yawo da jaka, mutane ne a shimfiɗe. Sababbin mutane, samari da 'yan mata, an ɗaure su dila dila an jibge a baya, ba mai kallonsu. Tsofaffi ne a gaba kan buhuna, an kakkaɓe su. Na ga turmi yana neman mace mai ƙarfin dantse wadda kunnenta ya ɗan yi nauyi. Na ga faifai yana jujjuya wani malami yana duba bakin rigarsa. Wata tsintsiya ta dawo da wani magidanci, ta ce tun da ta saye shi bai taɓa sunkuyawa ba, ana ta ba ta baki.

Wata muciya ce dillaliya, gefenta ɗaya ya cinye don tuƙi. Ta kama hannuna ta ce, “Hajiya, zo nan, irinku ake nema.” Na ce ban je Makka ba. Ta ce a kasuwa kowa ya je. Ta zaunar da ni kan buhu, ta duba haƙorana, ta ce sauran nawa ne ba matsala, alama ce an ci da su. Ta tambaya ko an taɓa gyara ni. Na ce an cire mini yana a idon dama, kuma gwiwar hagu wanzami ya sha yi mata ƙaho. Ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce gyararre ya fi tsada, don ana ganin shaidar wani ya taɓa damuwa da shi.

Maganar gaskiya, zaman nan ya yi mini daɗi. Rana ba zafi, ruwan sama ya ɗauke ya koma ƙasa, wani tsoho a gefena ya ɓara goro ya ba ni rabi. Ya ce shi kujera ɗaya ce ta saye shi sau uku, tana sayarwa tana nadama. Kaya suna wucewa suna cewa, dubi wannan, aikin da ne, yanzu ba a yin irinsu. Rabona da in ji an faɗi haka a kaina tun mijina Malam yana da rai.

Sai aka shimfiɗa buhu a ɗaya gefen nawa, wata mata ta zauna. Leshi, turare, waya biyu a hannu. Ba wanda ya faɗa mini, na san ita ce mai shagon Kaduna. Ita ta kawo kanta. Ba ta tsufa ba, toka ta shafa a gaban gashinta don a ce ta sha aiki. Ta gaishe ni da “Mama,” na amsa mata da hanci.

Can sai kasuwa ta dare biyu. Randata ce tafe, tana rangaji a kan gindinta, dama, hagu, dama. Faifanta a ka, moɗarta ta ƙwarya a rataye, koren gansakuka a kwiɓinta na wajen inuwa. Ga facin siminti a leɓenta, wanda na yi da hannuna shekarar da aka yi wa Sadisu kaciya. Na kira ta. Ko waiwayowa ba ta yi ba. Ta wuce ni ta tsaya gaban mai shago.

Abin da kunnena ya ji ba zan manta ba. Randar ta ce tubarkalla, ita ba ta taɓa ganin kaya mai kyau irin wannan ba. Ta yabi fatar, ta yabi haƙoran, ta yabi hannun da ba kanta ko ɗaya. Mai shago ta gyara zama ta fara zuba. Ta ce za ta ajiye ta a falo kan kafet, a haska mata fitila ta ƙasa, a sa mata furanni a baki, baƙi su zo su ɗauki hoto. Ta ce ba za ta ƙara ɗaukar ruwa ba har abada, ta huta. Randa ta ce madalla, madalla, wannan ai sai gidan manya. Ta daɗe a wurin. Can nesa na ji ladan yana gyaran murya.

Sannan ta rangajo wajena kamar hanya ce ta biyo da ita. Ta kalle ni sama da ƙasa. Ta ɗaga moɗa ta ƙwanƙwasa mini goshi sau biyu, ƙwas, ƙwas, ta karkata tana saurare, yadda ake gwada tukunya a kasuwa.

“Wannan ta tsage,” ta ce wa dillaliya. “Ji ƙararta. Baki yana yoyo, gindi ba ya zama wuri ɗaya. Wa zai kai wannan gida? Sai dai a zuba wa kaji ruwa.”

Na miƙe. Goron da ke bakina na tofar. Na ce mata ke, butulu, 'yar laka. Shekara arba'in wa ke wanke ki duk Juma'a da soso? Wa ke turara ki da kajiji? Wa ya mari Sadisu ranar da ya tsoma miki hannun miya? Ranar da gini ya faɗi da damina, wa ya fita cikin ruwa ya rufe ki da tabarmar sallarsa? Na je wa ɗana don ke, na je wa mai unguwa, na je wa akuya, mayafina ga shi nan a gatse. Ki tsaya gaban 'yar toka ki yi ta tubarkalla, ni ki ce a zuba wa kaji ruwa?

Ina faɗin kaji sai bakina ya tsaya. Maganar na san ta. Tawa ce.

Randar nan ba sabuwa na saye ta ba. Gwamma mai tukwane ce ta gina ta, ta sayar wa wata Yalwa, matar wani ma'aikacin reluwe. Da aka yi wa mijin canji zuwa Kafanchan, Yalwa ta fito da kayanta tsakar gida tana sayarwa, don jirgi ba ya son randa. Ina shiga na gan ta, raina ya biya. Randa ce da ta riga ta san ruwa, ta gama warin ƙasa, ta fara gumi a jiki. Sabuwa sai ka yi wata uku kana lallashi kafin ta ba ka sanyi. Sai na wuce ta kamar ban gani ba, na je na tsaya kan wani faranti mai hoton dawisu, na yi ta yabonsa har Yalwa ta fara murmushi. Farantin da ko kyauta ba na so. Da zan fita na ƙwanƙwasa randar da ɗan yatsa na ce ta tsage, baki yana yoyo, gindi ba ya zama, sai dai a zuba wa kaji ruwa. Da ita na koma gida a ka, ina tafe ina dariya ni kaɗai. Haka uwata ta koya mini. Wanda ya yaba kaya wucewa zai yi. Wanda ya tsaya yana kushewa, da shi za a tafi gida.

Ashe tana ji. Shekara arba'in tana riƙe da maganar a cikinta, ƙarƙashin ruwa.

Na koma na zauna kan buhuna. Na gyara mayafi. Har tari na ƙaƙalo mai kaushi don tsagar ta ƙara fitowa. Mai shago tana ta kallona da tausayi, tana gyara toka, ita a nata ta ci kasuwa.

Aka shiga ciniki. Randa ta taya ni da inuwa ɗaya da sanyin asuba biyu. Dillaliya ta ce albarka, wannan aikin hannu ne, ko kwatancen bakinta ba a samu yanzu. Randa ta ce bakin ai shi ne aibin. Ta ƙara rabin iskar damina. Dillaliya ta ce albarka. Randa ta gyara faifanta ta juya ta kama hanya. Na san wannan ma, ni na koya mata, taku uku ake yi a tsaya. Amma duk da na sani, da ta yi na uku ta ɗaga gindi za ta yi na huɗu, sai da na yunƙura zan bi ta. Ladan ya sa hannu a kunne.

Ta tsaya. Ta ce ba tare da ta waiwayo ba, za ta ɗauka a hakan, amma sai da gyara. Tsohuwar nan bayanta ya gama aiki, nan da damina biyu wa zai sunkuya ya wanke mata ciki?

Dillaliya ta ce wannan mai sauƙi ne. Ta je baya ta kwance dila ɗaya ta sababbin mutane, ta tura hannu har kafaɗa, ta lalubo, ta zaro Barira. A ninke take gida huɗu, duk ta yamutse, da biro a bayan kunne. Aka kakkaɓe ta aka tsayar.

Na ce wannan? Wannan ce gyaran? Ai ita ce ta ba da ke don moɗar roba biyu. Na ce wa dillaliya ta mayar da ita ta zaro wata. Yarinyar da tuwonta gudaji ne, kunnenta na ƙashi, in ta yi shara sai ka bi bayanta, ta san sunan ƙwayar cuta ɗari ba ta san ruwa mai daɗi ba. Tun tana rarrafe take fasa mini kaya. Dube ta, tsawo kamar dawa a juji, ba kai. Wa zai kai wannan gida?

Sai na ji kasuwar ta yi tsit. Turmi ya ajiye jakarsa. Tsohon nan mai goro yana dariya ba sauti.

“To, Hajiya,” dillaliya ta ce, “kin kushe. An sallama.”

Barira tana miƙe ninkin hannunta ta ce, “Iya, shekara ashirin da biyu kina kushe ni, ban taɓa sanin ciniki ake yi ba.”

Na ce ta rufe mini baki. A mafarkin ta durƙusa ta ce ta tuba. A ido biyu har yanzu ban ji ba. Rubuta haka, kada ki tsallake.

Ladan ya kira. Kasuwa ta fara naɗewa daga gefe kamar tabarma. Mai shago tana nan zaune ba wanda ya taya, sai wata kujerar biki mai ƙafa uku ta ɗingiso daga wurin jira ta ce ita za ta ɗauke ta, tunda dukkansu ba sa son ruwa. Randa ta cire faifanta ta ce mu shiga mu tafi gida. Na fara shiga, Barira ta biyo. Ciki da faɗi, ya fi ɗakina. Ga duhu mai daɗi, ga ƙanshin kajiji, ga sanyin nan da yake ratsa haƙori ya sauka har ƙirji. Na jingina da bango na miƙe ƙafa. Gwiwar hagu ma ta yi shiru. Muna ta rangaji, dama, hagu, dama.

Sai wani ya ƙwanƙwasa daga waje. Ƙwas, ƙwas.

Na ce ba kowa. Aka sake. Ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Ina kan tabarmata, inuwar lemo ta gusa ta bar ƙafafuna a rana, kaza tana tsattsage kusa da kunnena. Ƙwanƙwasar ba ta daina ba. Daga zaure take zuwa, ɗan yatsa ne a kan ƙasa gasasshiya, kuma ko cikin randa dubu na san wannan murya. Sai na ji Ɗan'azumi yana rantsuwa, wai Hajiyar Kaduna ta ga hoton randar a waya ta yaba ƙwarai, gobe mota za ta zo, shi don mutunci kawai ya turo kurar har nan da Barira ta kira shi. Sannan na ji Barira.

“Ta yaba, ta aiko motar? Malam Ɗan'azumi, ji ƙararta fa. Ta tsage. Dubi siminti a baki. Kafin Zariya ta rabe biyu, ka yi asarar randa ka yi asarar duro. Ni don rigimar tsohuwa ce kawai, in ba haka ba wa zai so wannan?”

Na yunƙura zan tashi, sai na tuna idona. In Ɗan'azumi ya ga yadda zan kalli randar nan, ciniki ya lalace. Na juya fuska bango na kama minshari na ƙarya. Yarinyar ta manta da gindi ba ya zama, ta manta da kaji, amma ba laifi ga mai koyo. Suka ja, suka ja. Na ji takunta ta juyo cikin gida, ɗaya, biyu, uku. Ɗan'azumi ya ce ta dawo.

Aka gangara da duro waje, murfinsa yana karkarwa. A zuciyata na ce Allah ya haɗa shi da mai wanki. Sannan na ji nishin mutum biyu, da jan ƙafa, da wannan 'yar ƙarar da yashi yake yi in abu mai nauyi ya koma gurbinsa.

Barira ta zo ta tsaya a kaina tana haki. Ta ce, “Iya, na san ba barci kike ba.”

Na juyo na ɗaga kai na duba gindin lemo. Na daɗe ina dubawa.

Na ce, “A karkace kika ajiye ta.”